Shekarar da Na Ce Ruwa Zai Hau Tudun Babanmu

Shiru ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kwanakin baya na je gonarmu ta gado da hantsi, wadda take bayan gari a hanyar da ta haɗa Kura da Bunkure, na tarar ruwa yana kwarara a kan tudu cikin fangulan albasa, babu ƙara babu hayaƙi. Ɗan ƙanena, wanda yake noma wurin yanzu, magidanci ne har da 'ya'ya uku, ya kafa farantan sola a kan ƙarafa, sun karkata suna kallon rana. Igiyar lantarki ta gangara zuwa wani ɗan famfo da ke nutse a ruwa, shi ke nan aikin. Shi kuwa yana gindin darbejiya ya miƙe ƙafa yana latsa wayarsa. Na tsaya na daɗe ina saurare. Na ji kukan kurciya. Na ji wani yana kiran wani daga can hayin kanal. Har sautin da busasshiyar ƙasa take yi idan ruwa ya fara shigarta na ji. Shekara da shekaru kunnena bai ji waɗannan ba da rani, domin injinan fetur sun cika mana gona da ƙara tun daga asuba har faɗuwar rana, har muka manta gona tana da muryarta.

Da ya hango ni ya taso yana murmushi. Ya ce, "Baba, ka ga ikon Allah ko? Ba mai, ba wahala. Da kansa yake hawowa."

Na yi dariya har sai da na dafa sandata. Ya tsaya yana kallona, bai san me ya faɗa na ban dariya ba. Bai san cewa a kan wannan tudun, kusan a daidai inda yake tsaye, ni ma na taɓa faɗin wannan maganar ba, kuma saura ƙiris ta raba ni da makaranta.

A lokacin da nake magana, kanal bai daɗe da zuwa ƙasarmu ba. Mu da muka taso da shi muna ganinsa kamar dama can yana nan, amma manya ba su daina mamakinsa ba: ruwa da tsakiyar rani, yana tafe tun daga dam, ana buɗe masa ƙofa ana rufewa kamar baƙo. Kowane layi da ranar da ake sako masa ruwa. Idan ranarku ta zo, gari yakan watse tun da sassafe, sai tsofaffi da awaki. Gonar babanmu kashi biyu ce. Ta ƙasa tana shan ruwan kanal a sauƙaƙe. Ta sama kuwa wani ziri ne na tudu, bai fi ƙugun mutum tsayi a kan ruwan ba, amma wannan ɗan tsayin ya ishe shi ya zauna da ƙishi. Ƙasarsa kuma ita ce mafi kyau, albasa tana sonta. Saboda haka Baba ya haƙa rami a gindin tudun, ya jawo masa ruwa da 'yar hanya, ya kafa jigo irin na kakanni: doguwar sanda a kan gwafa, curin yumɓu a gindinta, guga a bakinta. Ka ja ƙasa, guga ya nutse, ka saki yumɓu ya taya ka ɗagowa, ka juye. Har yau in na rufe ido ina jin kukan sandar nan a kan gwafa, ƙiii, sai fam, sai shaaa. Da wannan kukan muke sanin Baba yana gona tun kafin mu hango shi. In kukan ya tsaya, to azahar ta yi. Yanzu yara ba su san jigo ba sai a baki, kuma ba na ce su koma masa ba, domin na san abin da yake yi wa bayan mutum. Fangali goma Baba yake iya shayarwa a ranar ruwa, sauran tudun yana nan fayau, kuma duk dare sai an gasa masa baya da ruwan zafi.

Ni kuwa ba ɗan gona ba ne na kirki, gaskiya ɗaya ce. Ina makarantar kwana ta sakandare, hutu kaɗai nake zuwa gida. Magana ba ta dame ni ba. In baƙi suka zo sai na sulale bayan rumbu da littafi. Ina da wani ɗan littafin rubutu da nake ja wa layi da kaina, duk abin da na gani sai na auna na rubuta: tsawon inuwar rumbu da hantsi da azahar, yawan kwanakin da gero yake yi kafin ya tsiro. Kakarmu, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya, ita kaɗai take iya buɗe mini baki, da tsokana irin ta kaka da jika. Takan ce, "Wannan angon nawa, ko gaisuwa sai ya duba takarda. In na bi ta taka yunwa za ta kashe ni da biro a hannu." Yayan babanmu kuwa, Baffa, ba da wasa yake tasa maganar ba. Shi 'ya'yansa maza huɗu duk suna gona. Hutun rani na wannan shekarar, da ciwon bayan Baba ya yi tsanani har yana sallah a zaune, na ji Baffa a zaure yana cewa, "Kai da ɗa namiji guda wanda ya kai aiki, ka tura shi ya zauna a kan benci, kai kuma kana karyewa a gindin jigo? Ƙannensa ba su isa ba tukuna. Ya iya karatu, ya iya rubutu, me kuma ake nema? Ka riƙe shi bana." Baba ya ce, "Bari mu ga yadda dashen albasa zai kasance." Ina bayan zana, littafi a hannuna, na kasa ganin ko harafi ɗaya. Na san ma'anar maganar. In tudun nan ya buƙaci hannuna, makaranta ta ƙare.

To, a ƙasarmu akwai wani abu da kanal ya zo da shi wanda kowa yake yi kullum ba tare da ya tsaya ya yi tunaninsa ba. Ba a fasa jingar hanyar ruwa don a shayar da gona. Guntun tiyo ake amfani da shi, lanƙwasasshe, tsawonsa bai fi gaba guda ba. Za ka nutsa shi cikin ruwa ya cika, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka tsallako da shi kan jinga zuwa cikin gona, ka saki. Sai ruwa ya hau ta cikin tiyon, ya haye jingar, ya riƙa zuba, ba mai tura shi. Yaran da suka ƙware sukan jera goma a jere da hannu ɗaya, fat, fat, fat. Washegarin ranar da na ji maganar Baffa, ina tsugune ina kallon wani tiyo yana zuba, sai tunani ya faɗo mini. Ai ruwan nan hawa yake yi. Ga shi da idona, yana barin kanal yana hawa sama taƙi biyu kafin ya sauko. In zai hau taƙi biyu, me zai hana ya hau huɗu? In ya hau huɗu, me zai hana ya kai ƙugun mutum? Na ji kamar na tsinci abin da duk garin suka taka suka wuce.

Ban gaya wa kowa ba. Na samo wani tsohon tiyo mai ɗan tsawo, na sassare gwafanni masu tsayi daban-daban, na je ƙarshen gonar ƙasa inda ba kowa. Na ɗora ƙusumbin tiyon a kan gwafa mai taƙi uku, ruwa ya zuba. Na rubuta. Na ɗora a kan mai taƙi biyar, ya zuba. Na rubuta. Kowane gwaji sau uku nake yi, don malaminmu na kimiyya ya ce gwaji ɗaya ba shaida ba ne. Ranar ruwa biyu na yi ina wannan, har na kai ƙusumbin tiyon sama da kaina, ruwa bai fasa zuba ba. Shafi biyu na cika da layuka masu kyau, ba gogewa ko ɗaya. Sannan na rasa yadda zan tunkari Baba, sai na bi ta wurin Iya. Ta saurare ni tana tsinke zogale, ta ce, "Yau ango ya yi magana mai tsawo, Allah ya sa ba zazzaɓi ba ne." Amma ta gaya masa.

Baba ya zo ya gani da idonsa. Na ɗaga tiyon a kan doguwar gwafa har ya wuce hularsa, ruwa yana ta zuba a gindin ƙafarsa cikin gona. Ya ɗaga kai ya dubi ƙusumbin, ya waiwaya ya dubi tudunsa, ya ce, "Wannan ai ya fi tudun tsayi."

Na ce, "Ya fi, Baba. Da kansa zai hau. Dogon tiyo kawai muke buƙata."

Ban taɓa ganin fuskarsa ta saki kamar ranar ba. Ya ce, "Ashe karatun nan yana da rana." Da yamma ya tafi har wajen Kadawa, wurin wani amininsa mai dogon tiyo, ya aro na yini ɗaya, ranar ruwanmu mai zuwa. Kafin ranar ya sa muka gyara tudun gaba ɗaya, fangali talatin maimakon goma. Da asubar ranar kuma ya cire irin albasar duka daga komin da aka raine shi, ƙulli-ƙulli, aka jera a inuwa aka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Duk manomi ya san iri in ya bar ƙasa ba ya jira. A jiƙa fangali, a dasa shi a ranar, ko a yi asararsa.

Labari ya riga ya zaga. Da hantsi mutane sun kai ashirin a bakin gonar, wasu sun bar nasu ban ruwan sun zo kallo. Baffa ya zo da 'ya'yansa, ya tsaya ya harɗe hannu a baya, amma na lura har shi yana leƙen tiyon da idon mai son ya gani. Muka nutsa dogon tiyon a ruwa har ya daina fitar da kumfa. Babban ɗan Baffa ya danne baki ɗaya a ƙarƙashin ruwa. Ni na toshe ɗaya bakin da tafin hannuna, na ja shi na hau tudu. Tun ban kai fangalin farko ba na ji wani abu da ban saba ji ba. Duk gwajin da na yi a baya, ruwa turo tafin hannuna yake yi, yana neman fita. Wannan karon tsotsa yake yi. Tiyon ya kama fatar hannuna yana ja ciki, kamar ɗan maraƙi ya kama yatsa. Na durƙusa, na yi bisimilla, na saki. Ko cikin moɗa bai zubo ba. Sai wani ƙugi a cikin tiyon, ƙululululu, yana nisa, yana nisa, ruwan ya koma inda ya fito.

Wani ya ce, "Iska ce ta shiga, a sake." Muka sake. Muka kuma sakewa. A karo na huɗu na kafa baki na zuƙa har ruwan taɓo ya shaƙe ni, ina tari ina hawaye, ruwan ya leƙo ya koma. Sai dariya ta ɓarke. Baffa ya ce, "Injiniya, ko ruwan ma kunyar mutane yake ji irin taka? Mu juya baya ne ya fito?" Wani dattijo daga baya ya ce, "Ku karanta masa Turanci mana, wataƙila ba ya jin Hausa." Ni dai ina durƙushe, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba dariyar ce ta fi ci mini rai ba. Buhunan nan ne da ke inuwa, da irin shekara guda a ƙarƙashinsu, da rana tana ta hawa.

Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya dubi rana, ya ce, "A naɗe tiyon mutane kada ya fashe. Da la'asar za a rufe ruwa." Ya tuɓe rigarsa ya rataye a kan darbejiya, wannan dai darbejiyar, lokacin tana ƙarama, ya nufi jigo yana dafe da ƙugu. Na ga ya kama igiya ya ja, na ga yadda ya cije leɓe. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na je na kama igiyar a saman hannunsa, na ce, "Baba, kawo." Ya dube ni kaɗan, ya sakar mini. Ban iya ba. Gugan farko rabi ya zube a ƙafata, sandar ta kusa buge mini haɓa. Na goma ya fi na farko. Can sai na ji muryar Baffa a bayana, ta canza: "Ku me kuke kallo? Albasar ɗan'uwana ce za ta mutu kuna tsaye kamar turaku? Ku ɗauko bokitai!" Shi ma ya naɗe wandonsa ya shiga ramin har gwiwa, yana cikawa yana miƙawa, bakinsa bai daina ba: "Ja, Injiniya, ja! Wannan shi ne injin da ubanka ya sani." Mutum uku daga cikin 'yan kallo suka tsaya suka taya mu. Baba yana bin fangalin da ya jiƙa yana dasawa a durƙushe. Na fara ƙirga guga, halina ke nan, amma wajen ɗari biyu lissafi ya ɓace, ya rage daga ni sai igiya da kukan gwafa. Inda sandar take gogar gwafa ya yi zafi har na ji ƙaurin itace. Da ruwa ya janye da la'asar, fangali ashirin muka dasa. Irin fangali goma ya kwana a buhu, kafin wata ranar ruwa ya zama ciyawa.

Da magariba Iya ta kama hannuwana da suka faffashe tana shafa musu man kaɗanya. Ban iya ko riƙe ludayi ba. Ta ce, "Ango, da ka tambayi amaryarka ai da ba ka sha wannan ba. Ruwa jariri ne. Gangara kaɗai ya iya da kansa. In ka ga ya hau, to wani ne ya goya shi." Ta jawo ƙwaryar kunu tana sheƙa shi daga wannan ƙwarya zuwa waccan don ya huce. Ta ce, "Kamar kunun nan ne. Tun da nake ban taɓa ajiye shi da sanyi na dawo na tarar ya yi zafi don kansa ba. Sai an kai shi murhu, murhu kuma sai an ba shi kara. Buɗe baki." Ta ba ni a baki kamar ɗan yaye, tana yi mini dariya.

Amma ni abin bai bar ni ba. Na ga ruwa ya hau sama da hular Baba, ba mafarki na yi ba. Na buɗe ɗan littafina na bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya, sai na ga abin da babu. Na auna tsayin ƙusumbin tiyo sau talatin da wani abu. Ban taɓa auna inda bakinsa yake ba ko sau ɗaya. Kullum bakin yana kwance a cikin gonar ƙasa, inda kowa yake ajiye shi, shi ya sa ban ma gan shi a matsayin abin aunawa ba. Ranar ruwa ta gaba, bayan na gama jan jigo, na ɗauki guntun tiyo na tayar da shi, sannan na riƙa ɗaga bakin a hankali. Ruwan ya rage ƙarfi. Na ƙara ɗagawa, ya zama siriri kamar zare. Da bakin ya zo daidai da fuskar ruwan kanal, ya tsaya cak. Na ɗaga yatsa ɗaya sama, ya koma baya. Sau uku na yi. Ashe ruwan bai taɓa hawa don kansa ba. Wanda yake gangarawa ta dogon ɓangaren ne yake janyo na bayansa, kuma ƙarshen tafiyar dole ta kasance ƙasa da farkonta, ko da ƙusumbin ya kai rufin ɗaki.

Wannan karon ban bi ta wurin Iya ba. Na je na tsaya a gaban Baba na ce, "Baba, zo ka ga inda na ɓata." Ya biyo ni. Na nuna masa, ruwa yana tsayawa yana dawowa a hannuna. Ya tsuguna da ƙyar ya karɓi tiyon ya gwada da kansa.

Ya ce, "Wannan yana cikin littafin naku?"

Na ce, "Yana ciki. Yana gaba. Ba mu kai wurin ba."

Ya ce, "Uhm." Ya miƙo mini tiyon.

Sauran hutun duk a gindin jigo na yi shi. Na riga na sallama, har na ɗaure littattafaina na tura ƙarƙashin gado. Ana saura kwana biyu a koma makaranta, Baba ya kira ni zaure, Baffa yana zaune. Ya ce, "Yaya, na yi tunani. Ka ɗauki fangali goma na tudu bana, albasar taka ce, yaranka su riƙa ja mini jigo a sauran goman."

Baffa ya ce, "Ka ba da rabin tudu don wannan? Bayan abin da ya yi maka?"

Baba ya ce, "Saboda abin da ya yi mini. Rabin karatu ne ya kashe mini albasa. In na riƙe shi a gida, da rabin nan zai zauna har ya tsufa, kullum yana kashe mini wani abu. Gara ya je ya ƙaraso." Sannan ya juyo gare ni. "Kai kuma ka ji. Kada ka dawo mini sai da ɗaya shafin."

Baffa ya girgiza kai, ya ce, "Ku dai kuka sani, kai da Injiniyanka." Amma da zan tafi shi ya ɗauke ni a kekensa har bakin titi, akwatina a kan kariya.

Ɗaya shafin ya zo a zango na biyu. Malaminmu ya rubuta a allo cewa makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba a kuma hallaka shi, sai dai ya sauya kama. Sauran ɗalibai suna kwafa, ni kuwa ina kallon tafin hannuna. Na riga na san wannan a jikina. Ruwan kanal yana gangarowa ne don dam ya fi gonarmu tudu. Ruwan sama ne ya cika dam. Rana ce ta ɗaga ruwan ya zama girgije. Tuwon da Baba yake ci ya ja jigo, shi ma dawa ce da ta sha rana. Da aka zo kan zafi, aka ce daga mai zafi yake tafiya zuwa mai sanyi, ba ya komawa sai an yi aiki, kuma babu injin da yake mayar da duk abin da ya ci ya zama aiki, dole wani kaso ya tsere a matsayin zafi, sai na tuna ƙaurin gwafa da kunun Iya, na yi murmushi ni kaɗai har na kusa da ni ya zungure ni. Lantarki ma da muke gani kamar sihiri, ashe maganaɗisu ne ake juyawa a tsakiyar naɗin waya. Abin tambaya kawai shi ne wa yake juya shi: ruwa mai faɗowa daga dam, ko tururin da wuta ta tafasa, ko injin da yake shan mai. Ko'ina ka duba, akwai mai goyo.

Da hutu ya zagayo na ciro dainamon wani mataccen keke, na haɗa shi da wili da ɗan ƙwan fitila, na ɗaɗɗaure gwangwanaye a jikin wilin, na kafa a inda ruwan kanal yake faɗowa daga wani ɗan mataki na siminti. Ban kira kowa ba sai Baba, kuma sai da na gwada sau uku. Rana tsaka ce, ba a ganin hasken ƙwan. Sai ya cire hularsa ya kifa a kai, ya leƙa ciki kamar mai duba ƙwai a ƙarƙashin kaza. Ya daɗe yana leƙe. Ya ɗago ya ce, "Wannan kuma wa ya goya shi?"

Na ce, "Ruwan da yake faɗowa."

"Shi ruwan wa ya kai shi sama?"

"Rana."

"Ranar fa?"

Na ce, "Mai ranar."

Ya mayar da hularsa, ya ce, "To, yanzu ka yi karatu."

Baba bai ga sola ba. Ya ga injin fetur a ƙarshen rayuwarsa, ya yaba, ko da yake yakan ce abin da yake ihu haka yana gumi haka, ba ƙaramin ci yake yi ba. Iya da Baffa duk sun riga shi, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Gwafar jigon ma gara ta cinye, ramin ya cike, sai ɗan kwari da ni kaɗai na san ko mene ne. Ba na baƙin ciki. Tudun nan yau fangali talatin ne cif, kore shar, kuma ba wanda za a gasa wa baya in an koma gida.

Ɗan ƙanena yana nan tsaye yana jiran in gaya masa abin da ya ba ni dariya. Na ce ya sa hannu a bayan farantin. Ya taɓa ya janye, ya ce, "Kai, da zafi." Na ce, "Gumi ne. Ba da kansa ruwan yake hawa ba, goya shi ake yi." Sannan na lura tsuntsaye sun ɓata gefen faranti ɗaya, na matsa na kama bakin rigata na fara gogewa. Ya ce, "Haba Baba, bari mana, rigarka ce mai kyau." Na ce ya ƙyale ni. Wanda ya karɓi igiyar jigo daga hannun mahaifin mutum, ai ba a barinsa da datti a fuska.